Makullin Banɗaki

Tun da aka sa wa Tela ƙugun ƙarfe, duk macen da ta shigo shagonta sai ta sha labarinsa kafin a auna ta. Har bubbuga wurin take yi da gindin almakashi, tana cewa ko ta mutu wannan dai ba zai ruɓe ba. Abu ɗaya ne ba ta faɗa wa kowa ba: ta daina shan ruwa.

Dalilin kuwa bai taka kara ya karya ba. Banɗaki ɗaya ne a layin shagunan, makullinsa yana rataye a shagon ƙanwarta mai gyaran gashi. Su biyun sun daɗe ba sa ga maciji, tun ranar da ƙanwar ta ce a gaban mutane wai rigar da Tela ta ɗinka mata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A da Tela takan tsallaka titi ta yi uzurinta a gidan mai. Yanzu ga sanda ga sabon ƙugu, tsallaka titi ya zama jan aiki. Sai ta yanke hukunci irin na masu taurin kai: in ba abin da ya shiga, ba abin da zai fita.

Mafitsara ba ta sa hannu a wannan hukunci ba. Fitsari ya koma zafi kamar an barbaɗa barkono, zazzaɓi ya biyo baya. Da ƙyar 'yarta ta ja ta zuwa asibiti.

"Likita, a ƙugu ka yi mini aiki," in ji Tela. "Me ya kai ka zancen fitsari?"

"Mama, ciwon sanyi ne a mafitsararki. Ƙwayoyin cutar kan iya bin jini su je su liƙe a ƙarfen nan. In suka zauna a can, magani da ƙyar yake korar su, wani lokaci sai an sake yanka an cire shi. Gwaji ya nuna ba su kai ba tukuna. Ki shanye magani, ki sha ruwa sosai, ki daina riƙe fitsari."

A cire shi! Tela ta dafe ƙugunta. Ta tuna watannin da ake ɗaga ta ana juya ta kamar buhu, tsoro na gaske ya kama ta.

Washegari 'yar ta dire mata jarkar ruwa a gefen keken ɗinki, ta tsaya a kanta har ta shanye kofi bayan kofi. Kafin rana ta take, Tela ta fara muskute-muskute. Ta leƙa titi, motoci kamar an kora su. Ta ja tsaki, ta ɗauki sanda, igiyar awo na rataye a wuyanta, ta nufi shagon da ta rantse ba za ta ƙara takawa ba.

Ƙanwar tana wanke wa wata kai. Ta ɗago, ta dubi sandar, ta dubi yadda yayarta ke matse ƙafafu.

"Makulli," in ji Tela, tana kallon bango.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ina zuwa."

Muguwar ba ta nufi ƙusar makulli ba. Bayan labule ta shiga, ta fito sanye da rigar nan, a goge tsaf, ta miƙe hannuwa biyu.

"Auna."

"Ke, ina cikin wani hali!"

"Ai da sauri kike awo."

Tela ta zare igiyar awon ta auna dama, ta auna hagu. Ta sake aunawa. Wadda ake wanke wa kai ta buɗe ido ɗaya cikin kumfa tana jiran sakamako.

"Hannunki ne gajere," in ji Tela. "Tun kina yarinya haka kike."

Ƙanwar ta fashe da dariya har hawaye, sai kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Tela ma ta so darawa, amma ta san abin da zai biyo baya, ta cije leɓe.

"Ba ni makullin kafin in yi miki ɓarna a shago."

Ƙanwar ta ciro shi, amma ba ta miƙa mata ba. Ta karɓi sandar ta jingine, ta saƙala hannun yayarta a kafaɗarta.

"Akwai matakala a ƙofar, Yaya. Jingina da ni. Gajeren hannun ma zai riƙe ki."