Ruwan da Ya Ƙi Bin Littafi

Karo na uku ke nan Auta tana tsoma ma'aunin zafi cikin ruwan da ke tafasa, kuma amsar ba ta sauya ba: digiri ɗari da biyu. Littafi kuwa ya ce ɗari. Sauran ɗaliban ɗakin gwajin tuni sun rubuta ɗari, sun wanke kwalabe, suna hira.

"Ke rubuta ɗari mu tafi," in ji Dogo, abokin aikinta. "Turawan da suka rubuta littafin mahaukata ne?"

"Amma ba ɗari na gani ba."

"Idonki ne zai ba ki maki? Bara ma haka kika yi ta tsaye-tsaye."

Maganar ta sosa mata rai. Bara ta faɗi wannan kwas, in ta sake faɗuwa bana kora ce. Ga shi malamin, wanda ɗalibai ke kira Malam Sifili, bai taɓa jin tausayin takarda ba.

Ta aro ma'aunin teburin kusa. Ɗari da biyu. Ta dubi kwalbar da suka ɗebi ruwan a cikinta, wadda aka rubuta wa "tsantsar ruwa", ta ɗiga kaɗan a kan gilashi, ta kara a wuta. Ruwan ya ƙafe, ya bar wani farin gari.

Ta rubuta abin da ta gani. Dogo ya yi mata ta'aziyya tun kafin a miƙa.

Malam Sifili ya bi takardun a tsaye. "Ɗari. Ɗari. Madalla, ajin waliyyai, kowa ya ga abin da babu." Sai ya tsaya. "Wace ce wannan?"

Auta ta ɗaga hannu iya kafaɗa.

Dattijon ya yi dariya, har wasu suka waiga neman mai yin ta. "Kowace shekara ina zuba gishiri a kwalbar nan. Kowace shekara ruwan gishiri yana tafasa a ɗari, don kunyar littafi. 'Yata, kin ci. Faɗa musu gishiri kika samu."

Auta ta dubi gilashin. "Malam, farin gari dai na gani. Gishirin, kai ka faɗa."

Dogo ya dafe kai.

Malam Sifili ya cire tabarau, ya goge ido, ya laluba aljihu ya miƙa mata makullin kabad ɗin sinadarai.

"To, je ki gwada garin, ki kama ni in ƙarya na yi."