Modem ɗin da Aka Toshe wa Baki

Kwana tara ke nan Injiniya yana kokawa da modem ɗin nan. Ba injiniya ba ne fa, mai gyaran rediyo ne, matarsa ce ta laƙaba masa sunan don tsokana, ya kuwa bi shi. Shi da hannunsa ya goge tsohon tsarin kwamfutar gidan, ya ɗora na kyauta wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Komai ya tashi lafiya lau, ban da modem ɗin, ɗan katin nan da ke soke a cikin akwatin kwamfutar, mai kiran intanet ta layin wayar gida. Ashe rabin modem ne, sai da wata 'yar manhaja da ake kira direba yake motsi, direban kuma ya ƙi samuwa.

Ranar Talata Malama, matar tasa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Injiniya, don Allah yau kada ka taɓa layin nan. Makarantar da na je intabiyu za su kira tsakanin biyu da huɗu. Mu uku ne, sun ce wanda bai ɗauka ba za a wuce shi."

"Haba Malama, sai ka ce wani yaro."

Shekara biyu tana zaune ba aiki, ya fi kowa sani. Amma ƙarfe biyu saura kwata sabon direban da ya kwafo a faifai wurin wani abokin sana'a ya gama sauka, hannu ya fara ƙaiƙayi. Minti ɗaya tak, in ji zuciyarsa. Abin da ya ƙi sau talatin, yau ne zai yarda? Matsalar ɗaya ce, modem idan yana kira kuka yake kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sai gogan ya rubuta ATM0, umarnin da ke kashe masa murya, don kada Malama ta ji. Ya danna, ya jira, allon bai ce uffan ba. Ya ja tsaki, ya kashe allon kawai, ya fita falo.

Ya same ta a gefen kujera, biro da takarda a cinya, ido a kan waya. Ya zauna kusa da ita yana ba ta baki. Biyu ta wuce, uku ta wuce. Can ta miƙa hannu.

"Bari in ɗaga in ji ko layin na da rai."

Ya riƙe mata hannu. "Kul. In suka kira a daidai lokacin, sai su ji layi a cike."

Ta janye, don a gidan nan shi ne masanin waya.

Huɗu da rabi ta ninke takardar gida huɗu. "Ba rabona ba ne," ta ce, ta shige kicin.

Ya koma ɗaki ya kunna allon. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, modem ya haɗu, agogonsa na ƙirga awa biyu da minti hamsin da ɗaya. Abin da ya yi kwana tara yana nema ya samu, shiru, ya kame layin gidan tun kafin biyu. Duk wanda ya kira, a cike ya ji shi. Kunya da baƙin ciki suka kama shi. Ya fizge igiyar layin daga bango.

Sai ga ta da kofin shayi, idanunta jajur.

"Ya yi kuwa?"

Ya tsaya ya tare allon da bayansa. Gaskiyar ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta.

"Bai yi ba."

"Ka yi haƙuri, zai yi." Ta ajiye kofin kusa da sukundireba. "Ni dai na gode. Ka bar aikinka ka zauna da ni, ko layin ba ka taɓa ba."

Ta fita. Yana nan tsaye da igiyar a hannu har shayin ya huce.