Jirgin Malam Bitrus

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka naɗa ni sakataren Kwamitin Zaman Lafiya na Illo, ba don wata hikima ba, sai don birona ne kaɗai ke rubutu. Mun yi taro goma sha ɗaya, mun sha lemo, mun amince cewa zaman lafiya abu ne mai kyau. Ni na rubuta.

Sai Malam Bitrus ya rasu. Mutumin Zuru ne, mai allura, shekara ashirin da shida yana duba 'ya'yanmu. Kafinta ɗaya da ya iya akwatin gawa kuwa jita-jitar rikici ta kore shi, ya tsallaka Benin da iyalinsa.

Matar mamacin, Rifkatu, ta same ni a ƙofar gida.

"Malam Namadi, mu a akwati muke binnewa. Ba zan sa shi ƙasa haka ba."

Na ce za mu kira taro. Ta dube ni har na ji kunyar birona.

Na gangara bakin kogi wurin Attahiru mai haɗa jirage, wanda bai taɓa leƙa taronmu ba.

"Sakatare, mi ya kawo ka? Kifi ba ya jin jawabi."

Na faɗa masa. Ya ajiye gizago.

"Bitrus da ya cire min ƙugiya a wanga hannu? Tsawonsa fa?"

"Kamar ni."

"To kwanta."

Na kwanta a yashi, ya gwada ni da igiya. Ban taɓa yi wa kwamiti aiki mai amfanin wannan ba.

Daga ni har Attahiru ba wanda ya taɓa ganin akwatin gawa, likkafani da makara muka sani. Hannu kuwa abin da ya saba yake yi. Da la'asar muka kai shi gidan makoki: gaba a tsuke, ciki da faɗi, kowace kafa an cusa mata auduga an shafe da kwalta. Jirgi sak, sai dai da murfi.

Matan coci suka dubi juna. Fasto ya cire tabarau ya goge. Ni kuma na soma shirya jawabin ban haƙuri.

Rifkatu ta zagaya shi, ta shafa kwaltar.

"Baba Attahiru, wannan fa?"

"Don ruwa, Maman Saratu. Kin san ƙasarmu da damina. Ko ɗigo ba ya taɓa shi."

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne kaɗai.

"Mutumin da ke tsoron jirgi! Duk ƙetarawa sai ya riƙe min zane." Ta share ido. "Ku sa shi. Wannan kam ba zai nutse da shi ba."

A maƙabarta, hancin jirgin ya ƙi shiga, kabarin ya gaza da kamu guda. Na miƙa wa Fasto birona ya riƙe min, na karɓi shebur.