Ƙasar Garken Ummaru

Duk wanda ya san kokawa daga Tsafe har Bungudu ya san Ɗanlami na Kucheri, ya kuma san 'yar jakar fatar da yake shiga fage da ita. Ƙasa ce a ciki, ta tsohon garken shanun da ke bayan gidansu, inda mahaifinsa marigayi Ummaru ya koya masa kokawa. Kafin ya kama kowa sai ya ɗiba ya murza a damatsa da ƙirji. Haka uban ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, haka ɗan ya gada, bai taɓa tambayar dalili ba.

Da damina ta ja baya sai wani zobe ya fito masa a damtse, bakinsa ja-ja, tsakiyarsa fari, ga ƙaiƙayi kamar ya cire fatar. Ɗanlami, da yake kansa dutse ne, ya ƙara murza masa ƙasar wai ta kashe shi. Kafin a yanke gero zoben ya haihu har wuya.

Malama Halima, ma'aikaciyar lafiya a Tsafe, kallo ɗaya ta yi masa ta ce makero ne. Da ta ji labarin jakar sai ta riƙe baki.

"Irin wanga makero cikin ƙasa yake zaune, balle ta garke inda dabbobi ka zubar da gashi. Kai ka shahwa ma kanka ciwo da hannunka. Ga magani, ka bar kama mutane sai ka warke. Ƙasag ga kuwa ku rabu."

"Malama, ƙasar babana ce hwa."

"Na jiya. Hwatar kuwa taka ce."

Bai yi mata musu ba, amma ransa ya ɓaci matuƙa. Yana gida yana shafe-shafe kamar mai jego, sai labari ya kai Bungudu, kunnen Lawali, wanda Ɗanlami ya sha kayarwa. Lawali ya bi kasuwanni yana baza baki: ai dama ba Ɗanlami ke kayar da mutane ba, ƙasar ubansa ce, yanzu da aka raba su ko tsohuwa sai ta kai shi ƙasa. Abin da ya fi ci wa Ɗanlami rai shi ne, a can cikin zuciyarsa shi ma tsoron hakan yake ji.

Ranar babbar kokawar kaka a Gusau fatarsa ta warke sumul. Zai fita, mahaifiyarsa Inna Luba ta miƙo masa jakar, ta cika ta fal.

"Ubanka bai taɓa shiga hwage babu ita ba."

Ya karɓa, don bai iya mayar mata da hannu.

Makaɗa suka saki ganga, aka haɗa shi da Lawali. Idon kowa na kan jakar. Ɗanlami ya kwance ta daga ƙugu, ya ɗaga sama kowa ya gani, sannan ya ajiye ta a gaban Lawali.

"Kai kac ce ita ka kayarwa. To ga ta nan, shahwa! Amma ka tanadi hwarce, ƙaiƙayi gare ta."

Fage ya kece da dariya. Lawali ya ja da baya, bai ko taɓa ta ba.

Suka kama. Ɗanlami ya ji damatsansa wayam kamar ya fito ba riga ranar sallah, Lawali kuwa ya tura shi har bakin 'yan kallo. A nan ƙafarsa ta hagu ta zura da kanta ta maƙale ta Lawali ta ciki, ƙugunsa ya juya, irin taɗiyar da Ummaru ya sha buga shi da ita a garke yana yaro har yana kuka. Sai ga Lawali rigingine, ƙura ta tashi.

Ɗanlami bai tsaya jin kirari ba. Ya ɗauki jakar, ya kakkaɓe ta, idonsa ya cika da ƙwalla.

Da ya koma Kucheri ya tarar da Inna Luba tana jiransa a ƙofar ɗaki. Ya ɗora mata jakar a cinya, bakinta ɗaure yadda ta ɗaure shi.

"Inna, a mai da ta garke. Abin da Baba yab bar min yana nan jikina."