Inabin da Aka Kawo wa Hajiya Nargis

Yaron bai yi kuka ba, abin da ya tsinka wa Tahani zuciya ke nan. Ɗazun nan ɗanta Wasim ke wasa a gefen gadon Hajiya Nargis, maƙwabciyarsu ta bene na uku da suka hawo dubawa. Yanzu ga shi baki buɗe, ido waje, ƙwayar inabi ta maƙale masa a wuya. Tahani ta kai yatsa za ta zura masa a baki.

"Janye hannunki, ƙara tura shi za ki yi," in ji tsohuwar. Muryar da tun safe ba ta fita sai ga ta garau. "Kifa shi a cinyarki, kai ƙasa. Daki tsakanin kafaɗun. Da ƙarfi, 'yata, ba shafa na ce ba."

Tahani ta daka, ta sake dakawa. Inabin ya yi tsalle ya faɗa cikin takalmin Hajiya. Wasim ya callara ihu, uwar ta rungume shi tana kuka tana dariya. Tsohuwar ta ce daga yau a riƙa tsaga masa inabi a tsaye, sannan ta ce a miƙo mata sauran, ai ita aka kawo wa.

Duk unguwar Bahari a Iskandariya ta ƙasar Masar an san bakin Hajiya Nargis. Ta tsufa tana aikin jinya a wata makarantar firamare, da ta ajiye aiki sai ta mayar da mutanen benen ɗalibanta. Kada a zuba ruwan wankin bayi a kwalbar lemo. A janye kujera daga bakin baranda. Ƙuna ruwan famfo take so, ba man goge baki ba. Wagdi, mijin Tahani, ya laƙaba mata Ministar Lafiya, ita kuwa Tahani sanɗa take yi in za ta wuce ƙofarta, don kada a bincike mata farce.

Tunda likita ya ce zuciyarta ta gaji, matan benen suka raba jinya a tsakaninsu. Ba su huta ba. Tana kwance tana tambayar wa ya rufe tukunyar gas, wa ya wanke hannu kafin ya taɓa cokalinta. Wata rana ta sa Tahani ta kwashe magungunanta kaf ta ɗora a saman kwaba.

"Hajiya, ai wahalar ɗaukowa za mu sha."

"Ranar ta'aziyyata gidan nan cika zai yi da yara, iyayensu na can suna gulmar labulena. Ɗora."

Ranar Alhamis bayan la'asar ta sha miyar adas, wani ɗan mitsitsin wake, cokali kaɗan, ta ce gishiri ya yi yawa, ta juya ta fuskanci taga. Tahani na ninke mayafi ta ji ɗakin ya yi tsit.

A zaman makoki an yi kuka, amma dariya ta fi yawa. Kowace mace da faɗan da aka taɓa yi mata, har da mai kwaikwayon muryar, wata dattijuwa na zungurinta tana ce mata ta ji tsoron Allah, ita ma tana danne baki.

Washegari da safe Tahani ta hau share ɗakin. Daga baranda ta ga igiya na motsi. Kwandon da marigayiyar ke zura wa mai burodi da igiya zuwa bakin titi yana nan a rataye tun shekaranjiya, mutumin bai ji labari ba, ya saka nasa ya wuce da kekensa. Ta jawo igiyar a hankali. Burodin da ɗuminsa.