Ja a Gaban Sunan Nazeefa

Ni ce Lantana mai kitso ta bayan kasuwar Kubwa. Ban yi boko ba, amma na san aiki in na gan shi, kuma na san cuta in an yi ta. 'Yata Nazeefa aka cuta.

A wani kamfani take aiki a Jabi, masu manhajar nan da ake kama kujerar mota da ita ta waya kafin a je tasha. Tana cikin masu rubuta abin da ke sa manhajar ta yi aiki, kod suke ce masa. Ranar da ta fara yi min bayanin damuwarta, ina zaune a tsakar gida ina tsefe wa wata mata kai. Gashin ya dunƙule, matar sai ihu take.

Nazeefa ta ce, "Inna, kin ga kan nan da kike fama da shi? Haka na tarar da aikinmu."

Na ce, "An ɗora kitso a kan tsohon kitso ke nan."

"Ya fi haka muni. Dokar raba kujera guda ɗaya ce, amma an kwafe ta an liƙa a wurare barkatai. In an gyara a nan sai a manta da can. Shi ya sa za ki ga mutum biyu sun zo tasha da lambar kujera ɗaya suna cacar baki."

"Wane ƙazamin ne ya yi haka?"

"Kowa da hannunsa a ciki. Amma Ikrama ya fi. In an ce a ƙara sabon abu, sai ya kwafo na jiya, ya ɗan canza, ya tura."

Na san Ikrama. Abokin aikinta ne, ya sha zuwa gidan nan ya ci dambu har ya nemi ƙari.

Ta kuma ba ni labarin wani ƙunshi a cikin kod ɗin da suke kira kilas. An lafta masa komai: shi ke ba da kujera, shi ke tura wa fasinja saƙo, shi ke zaɓen direba, har lissafin kaya shi ne. In an taɓa shi ta nan sai ya fashe ta can, kowa tsoronsa yake. Ta ce za ta tattara dokar kujerar a wuri ɗaya, ta goge sauran, ta kuma raba ƙaton kilas ɗin ƙanana, kowanne da aikinsa. Ta tambayi ogansu, Ameer. Ya ce to, yana tafiya yana danna waya.

Watanni ta yi tana wannan tsifa. Ranar Asabar sai ta zauna a tabarma kusa da ni da kwamfutarta, can ka ji ta ce, "Inna, zo ki gani!" In je in leƙa. Ba na iya karanta ko harafi, amma ina ganin kala. Ta ce kore shi ne abin da mutum ya ƙara, ja kuma abin da ya cire. Fuskar kwamfutar duk ja, ita kuwa tana ta murmushi. Na gane murnar. Haka nake ji in na ga mataccen gashi ya taru a mataji, kan ya saki, tsaga ta fito sarai. Rigimar kujera a tasha ta mutu. Ikrama da kansa ya faɗa mata, a gabana, da cokali a hannunsa, cewa abin da yake kwashe mako yana yi a da, yanzu kafin azahar ya gama.

Sai ga ta wata Talata ta dawo da rana tsaka, ta wuce ɗaki ba ko sallama. Da ƙyar na fizgo maganar daga bakinta. An sallame ta. Wai an duba aikin kowa an ga ita ba ta ƙara komai, gogewa kawai take yi.

Na ce, "Kin yi musu bayani?"

"Na yi, Inna."

"Da wannan muryar taki ta kyanwa? Ni zan je."

Ta riƙe min mayafi tana roƙo. Na ɓamɓare hannunta. Aikinta nake so a mayar mata, ba haƙuri na je nema ba.

Washegari na shiga motar Jabi. Na tarar da wata yarinya a bakin ƙofar ofis ɗin, Angela, mai karɓar baƙi.

Da Hausarta ta 'yan koyo ta ce, "Mama, ka zauna. Oga yana mitin da manyan baƙi."

"Manyan baƙi? To ga wata ta ƙaru."

Na tura ƙofar gilashin na shiga. Wasu alhazai biyu na zaune da manyan riguna, su ne aka ce za su zuba jari a kamfanin. Ameer na tsaye gaban wani ƙaton allo yana nuna musu abubuwa. Yaro ne, bai fi sa'an ƙanena na ƙarshe ba. Ikrama na gefe, da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Kai ne Ameer? Ni ce uwar Nazeefa. Me ta sata?"

"Subhanallahi, Mama, ba wanda ya ce ta yi sata. Don Allah mu je waje."

"A nan aka kore ta, a nan za ka faɗa min."

Ya dubi alhazan, ya yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce to bari ya nuna min don in huce. Ya danna, sunaye suka fito a allon. Gaban kowane suna da dogon sanda kore. Na Ikrama ya fi na kowa tsawo. Guda ɗaya ne ja zur, ba sai an karanta min ba.

"Kin gani, Mama? Kowa yana gini. Ita rushewa take."

"An daina faɗa kan kujera a tasha ko ba a daina ba?"

"An daina. Amma wannan aikin kowa da kowa ne."

"Ikrama! Ɗago kanka. Me ka faɗa a gidana kana cin dambuna? Maimaita."

Ya ɗago kamar wanda wuyansa ke ciwo. Ya ce, "Mama, ni dai a ganina aikin kowa yana da amfani."

Na ce, "Allah ya isa dambuna."

Ɗaya daga cikin alhazan ya ƙyalƙyale da dariya. Ameer bai yi ba. Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Mama, ki fahimce ni. Mutanen nan sabon abu suke son gani a waya. Abin da aka cire ba ya nunuwa. Me zan nuna musu, wurin da babu komai?"

Na ce, "Matarka in ta je kitso, ana ɗora mata sabo a kan na wata uku? In mai kitso ta tsefe ta taje, sai ku ce ba ta yi komai ba tunda ba a ganin tsifa?"

"Wannan daban ne, Mama."

Ban ƙara ja da shi ba. Na cire takalmina, na zauna a ƙasa daidai bakin ƙofa, na miƙe ƙafa. Na ce duk mai son fita sai ya tsallake ni, kuma gobe ma ina nan, jibi zan zo da matan layinmu. Alhazan suka fara duba agogo. Ameer ya dube su, ya dube ni.

Ya ce, "Shi ke nan, Mama, tashi. Ta dawo ranar Litinin. Amma da sharaɗi: ba sauran goge-goge. Abin da aka ce ta ƙara, ta ƙara kawai. In na sake ganin ja a gaban sunanta, ko ke ba za ki cece ta ba."

Na ce na ji. Na sa takalmina na fito ina jin kaina kamar na ci yaƙi. A mota har na saya wa Nazeefa gasasshiyar masara.

Da na faɗa mata, sharaɗin kawai ta sa na maimaita. Ba ta ce na gode ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta ajiye masarar a kan tire ta je ta goge kayan da za ta sa ranar Litinin.

Tana aikin har yau. An ce ma ana yabonta. Ranar Asabar takan zauna a tabarmar da kwamfutarta, amma ta daina kirana. Makon jiya ni na je na leƙa da kaina. Kore shar, daga sama har ƙasa. Na ga ta ɗauko wani dogon rubutu ta liƙa a nan, ta gangara ta sake liƙa shi a can, ta kuma gangarawa.

Na ce, "Nazeefa, wannan ba shi ne abin da kika goge ba?"

"Irinsa ne, Inna."

"To in ya dunƙule fa?"

"Zai dunƙule. Lokacin ni kaɗai zan san inda bakin zaren yake, ba mai iya korata." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ai ke kika karɓo min aikin, Inna. Ki matsa, kin tare min haske."

Na matsa. Akwai mata biyu suna jirana da kai a dunƙule, na ɗauki matajina na koma wurinsu.