Tudun da na ɓoye a takalmin Baba

Kwana uku ban yi barcin kirki ba, kuma ko a jikina. Ina cikin wanke kwanuka dabarar ta faɗo mini, na bar famfo a buɗe na ruga neman fensir. Maigidana ya tarar da ni ina zane a bayan kwalin sabulu, hannu duk kumfa. Ya kashe famfon ya ce, "To, ta motsa." Ya san halin kayarsa.

Takalma nake ɗinkawa, a wani ɗan shago da in na miƙa hannuwa sai in taɓa bango da bango. Wata takwas ke nan da mota ta buge Babana. Ƙafarsa ta hagu ta warke, amma ta rage tsawo da kamar yatsa biyu. An ba shi takalmi mai tudu a asibiti, ƙato kamar bulo, ya dube shi sau ɗaya ya tura ƙarƙashin gado. Tun daga nan bai ƙara taka bakin titi ba, wai ba ya son a bi shi da kallo yana ɗingishi. Mutumin da a da sai ya gaisa da kowa a layi kafin ya karya kumallo! Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Dabarar ita ce in ɓoye tudun daga ciki. Roba marar nauyi a ƙarƙashin dunduniya, fata ta tashi ta rufe, wanda ya gani ya ce takalmin gayu ne kawai. Wayyo daɗi! In na kwanta sai in zabura, na tuno yadda zan karkata ɗinkin. Kafin asuba ta biyu na raɗa wa takalmin suna, na zana allon shago, har na hango layin masu irin lalurar Baba ya kai kwanar titi. Na tashi maigidana na tambaye shi launin takalmin, baƙi ko ruwan ƙasa.

"Kowanne, don girman Allah," in ji shi, ya ja bargo.

A shago waƙa nake yi ina buga guduma. Tela maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko gado na ci.

Rana ta huɗu da safe na kai wa Baba, yana zaune a ɗaki da rediyonsa. Na durƙusa na sa masa da hannuna.

"Tashi mu gani, Baba."

Ya dafa kujera ya miƙe. Sai na ga ya karkace gaba ɗaya, kamar amalanken da taya ɗaya ta fita. Nan take na gane ta'asar da na yi. Mu masu takalmi kwali ɗaya muke yankawa na awon ƙafa: fuskarsa ƙafar dama, ka kifa shi ya zama hagu. Ni da idanuna da suka kwana uku a buɗe, na kifa shi a inda bai kamata ba. Na sa tudun a ƙafa mai lafiya. Yatsa biyu sun koma huɗu.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni.

"Auta," ya ce, "ke da motar nan haɗa baki kuka yi?"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin asibiti. Ya koma kan kujera yana share hawaye, ni ma na rasa kuka nake ko dariya.

"Yau ɗin nan zan gyara, Baba, wallahi."

"Ke kaɗai? A wannan idon naki? Sai ki dawo mini da takalmin hannu. Miƙo mini silifas da sandata. Ina zaune za ki yi, ƙafar tana gabanki."

Na yi maza, kada ya sake shawara. Na rungumi takalman na buɗe masa ƙofa. Ya fito yana ɗingishi, a hankali, rana tana dukan fuskarsa. Mai kantin bakin layi ya hango shi ya saki abin da ke hannunsa.

"Baba! Kai ne?"

"Ni ne," in ji Baba. "Aiki zan raka yarinya."